Alkawarin da Gwamnati Ta Saɓa: Tarihin Korar Masu Neman Jinsi Ɗaya daga Aikin Gwamnatin Amurka

Aikin gwamnatin tarayyar Amurka, a tsarin da aka san shi a yau, ya samo asali ne daga dokar da Majalisar Dokokin ƙasar ta zartar a 1883, wadda ake kira Dokar Pendleton, ƙasa da shekara biyu bayan wani mai neman muƙami da bai sami biyan buƙata ba ya harbe Shugaba James Garfield. Kafin wannan doka, duk jam'iyyar da ta ci zaɓe takan rarraba kujerun ofisoshi ga magoya bayanta, ta sallami waɗanda ta tarar ko da sun fi sababbin iya aiki. Dokar ta kafa Hukumar Kula da Ma'aikatan Gwamnati, ta kuma shimfiɗa ƙa'idar cewa jarrabawa da cancanta ne za su shigar da mutum aiki, sannan wata doka ta 1912 ta ɗora a kai da cewa ba za a kori ma'aikaci ba sai bisa dalilin da zai kawo gyara ga aikin kansa. Idan aka haɗa dokokin biyu, sai a ga alkawari ne gwamnati ta ɗaukar wa duk wanda ya shigo hidimarta, cewa da aikinsa za a auna shi, kuma abin da bai taɓa aikin ba ba zai raba shi da abincinsa ba.

Wannan alkawari ne gwamnatin ta saɓa, daga ƙarshen shekarun 1940 har zuwa 1975, a wasu hukumomi ma har zuwa 1995, game da ma'aikatanta masu neman jinsi ɗaya, wato maza masu sha'awar maza da mata masu sha'awar mata, waɗanda a yau ake haɗa su da masu sha'awar jinsi biyu da masu sauya jinsi ƙarƙashin haruffan LGBTQ. Tarihin ya cancanci nazari ko ga mai karatun da addininsa da al'adarsa suka yi hani da wannan hali, domin tambayar da ke cikinsa ta shafi kowane mai karɓar albashi: ina iyakar ikon mai ɗaukar aiki a kan rayuwar ma'aikacinsa, kuma idan ya wuce iyakar ya cuci mutane, da me zai dawo da amanar da ya ci?

Kafin a fara korar, birnin Washington ya kasance wurin da irin waɗannan mutane suka sami sararin rayuwa fiye da yawancin garuruwan ƙasar. Shirye-shiryen farfaɗo da tattalin arziki na Shugaba Franklin Roosevelt a shekarun 1930, da Yaƙin Duniya na Biyu da ya biyo baya, sun ninka yawan ma'aikatan gwamnati, har birnin ya cika ya batse da samari da 'yan mata daga ƙauyuka da ƙananan garuruwa, waɗanda suka zo aikin akawu da buga tafireta da lissafin kuɗi da fassara. Jarrabawar shiga aiki ba ta tambayar wanda mutum yake so, albashin kuma yakan ishi mace ta kama ɗaki ta riƙe kanta ba tare da miji ba, abin da ke da wuya a wancan zamani. A 1947 'yan sandan da ke kula da lambunan birnin suka ƙaddamar da shirin kame a wuraren da waɗannan mutane suka saba haɗuwa, ciki har da lambun Lafayette da ke fuskantar Fadar White House, kuma ko ba a gurfanar da mutum gaban kotu ba, akan rubuta sunansa da sana'arsa, sunayen kuma daga baya suka riƙa isa teburin shugabannin ma'aikatu.

Yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Soviet ne ya mai da kamen 'yan sanda manufar ƙasa. A ranar 9 ga Fabrairu 1950 Sanata Joseph McCarthy ya yi iƙirari a garin Wheeling cewa yana riƙe da sunayen 'yan kwaminisanci 205 da ke aiki a Ma'aikatar Harkokin Waje, ma'aikatar kuwa, a ƙoƙarinta na wanke kanta, ta sa babban jami'inta John Peurifoy ya shaida wa wani kwamitin Majalisar Dattawa a ƙarshen watan cewa ta riga ta sallami mutum 91 saboda neman jinsi ɗaya. Ta yi gudun gara ta faɗa gidan zago, domin jaridu sun ɗauki lambar suna ta yayatawa, wasiƙun jama'a suka yi ta kwarara zuwa Majalisa, 'yan adawa kuma suka ga sun sami makamin da ya fi zargin kwaminisanci sauƙin amfani, tun da shi ɗan kwaminisanci sai an kawo shaidar kati ko taro, wannan zargi kuwa jita-jita kaɗai ta ishe shi.

Wani laftanan 'yan sandan Washington mai suna Roy Blick ya shaida wa sanatoci cewa akwai irin waɗannan mutane 5,000 a birnin, kusan kashi uku cikin huɗu nasu ma'aikatan gwamnati, amma da ɗan jarida Max Lerner ya tsare shi da tambayoyi a wannan shekara sai ta bayyana cewa da ka ya yi lissafin. Duk da haka Majalisar Dattawa ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Sanata Clyde Hoey, wanda ya saurari jami'an leƙen asiri da likitoci da 'yan sanda a asirce, bai kuma saurari ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ake magana a kansu ba. Hujjar da aka kafa ita ce, tun da mai neman jinsi ɗaya yana ɓoye halinsa, ɗan leƙen asirin abokan gaba zai iya yi masa barazanar tonon asiri har ya miƙa sirrin ƙasa. Da aka nemi misali, shugaban hukumar leƙen asiri ta CIA, Roscoe Hillenkoetter, sai ya kawo labarin Kanar Alfred Redl, hafsan sojan Austriya da ya sayar wa Rasha sirrin ƙasarsa ya kuma kashe kansa a 1913, ba a gabatar da ko Ba'amurke ɗaya da aka yi wa irin wannan barazana ya ci amanar ƙasarsa ba. Rahoton da ya fito a Disamba 1950 ya yanke duk da haka cewa ba su dace da aikin gwamnati ba, har ya yi da'awar cewa mutum ɗaya daga cikinsu zai iya gurɓata ofis baki ɗaya. Alƙaluman lokacin sun nuna cewa tsakanin 1947 da 1950 an hana kimanin mutum 1,700 aiki, an sallami 4,380 daga soja, an kuma raba 420 da aikin farar hula.

Hujjar tana cin kanta, kuma a nan ne tushen lalacewar amanar yake. Abin da ke sa ma'aikaci ya ɓoye halinsa shi ne tsoron kora, gwamnati ce kuma ke korar. Saboda haka duk lokacin da ta tsananta hukunci sai ta ƙara wa asirin daraja a hannun mai son yin barazana da shi, sannan ta juya ta kafa hujja da raunin da ita ta haifar. A ranar 27 ga Afrilu 1953 Shugaba Dwight Eisenhower ya sa hannu a umarni mai lamba 10450, wato irin dokar da shugaban ƙasa ke kafa wa ma'aikatu da alƙalaminsa ba tare da ta bi ta Majalisa ba, inda aka jera abin da aka kira karkatacciyar sha'awa tare da shaye-shaye da zagon ƙasa da leƙen asiri a cikin dalilan da ke hana mutum aikin gwamnati. Tantancewar ba ta tsaya a ma'aikatu ba, domin kamfanonin da ke yi wa gwamnati kwangilar jirage da makamai su ma dole ma'aikatansu su sami izinin ganin takardun sirri, don haka wanda aka kora daga gwamnati yakan tarar da ƙofofin sana'arsa duka a rufe. Masana tarihi, ciki har da David Johnson wanda littafinsa na 2004 ya fito da lamarin fili, suna ƙiyasta cewa dubban mutane ne suka rasa aikinsu, kimanin 1,000 daga Ma'aikatar Harkokin Waje kaɗai, adadin da ya zarce na waɗanda ma'aikatar ta kora bisa zargin kwaminisanci.

Yadda ake gudanar da korar ya fi alƙaluman bayyana irin ɓarnar. Akan kira ma'aikaci ba zato ba tsammani zuwa wani ƙaramin ɗaki inda masu bincike biyu ke jiransa da fayil a gabansu, su gaya masa cewa labari ya iso musu ba tare da faɗin wanda ya kawo shi ba, ba kuma a yarda ya zo da lauya ba. Sai su shiga tambayarsa wane gidan shaƙatawa yake zuwa, da wa yake zaune a gidan haya, me ya hana shi aure, su karanto masa sunayen abokansa ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe su ba shi zaɓi tsakanin ya rubuta takardar ajiye aiki ya fita shiru, ko a kore shi dalilin ya bi shi duk inda ya nemi aiki. Mafi yawa sukan zaɓi shirun, domin iyaye da maƙwabta ba su sani ba, shi ya sa ainihin adadin ya fi abin da takardu suka nuna. Ana kuma matsa wa kowa ya ambaci sunayen wasu, ta yadda abokin cin abincin rana ya zama abin tsoro, tsofaffin abokai suka daina gaisawa a farfajiyar ofis, wasu har suka yi auren ganin ido don su tsira da aikinsu. A 1954 wani ma'aikacin ofishin jakadancin Amurka a Paris ya kashe kansa kwanaki kaɗan bayan an yi kwana biyu ana yi masa irin waɗannan tambayoyi, ma'aikatar ta ce wa iyayensa damuwar rashin lafiya ce, sai bayan shekara biyu suka san gaskiya. A wannan shekarar dai Sanata Lester Hunt na jihar Wyoming ya harbe kansa a ofishinsa na Majalisa, bayan wasu abokan hamayyarsa sun matsa masa ya janye daga siyasa ko su yayata kamun da 'yan sanda suka yi wa ɗansa a lambun Lafayette, lamarin da ya nuna cewa makamin tonon asiri, wanda aka ce abokan gaba ne za su ɗauka, 'yan siyasar cikin gida ne suka yi aiki da shi.

Abin da ya ƙara wa laifin nauyi shi ne gwamnati ta sami shaidar da ke rushe hujjarta, ta ɓoye. A 1957 wani kwamitin rundunar sojan ruwa ya rubuta, a rahoton da ake kira na Crittenden, cewa babu ƙwaƙƙwarar shaida da ke nuna masu neman jinsi ɗaya sun fi sauran mutane zama haɗari ga tsaro, amma aka kulle rahoton, bai fito fili ba sai a 1976. A shekarar ta 1957 kuma masaniyar halayyar ɗan Adam Evelyn Hooker ta wallafa binciken da ta yi a kan maza 60, rabinsu masu neman jinsi ɗaya, inda ƙwararrun da aka ba sakamakon gwaje-gwajen ba tare da sunaye ba suka kasa bambance ɓangarorin biyu.

Mutumin da ya ƙi fita shiru, ya kuma mai da ƙin nasa aikin rayuwa, shi ne Franklin Kameny, masanin taurari da aka haifa a New York a 1925, wanda ya yi yaƙi a Turai a rundunar Amurka, ya kuma sami digirin digirgir a Jami'ar Harvard a 1956. Sashen zana taswira na rundunar soja ya ɗauke shi aiki a tsakiyar 1957, amma da masu bincike suka gano cewa 'yan sanda sun taɓa kama shi a San Francisco suka tsare shi da tambayoyi, ya ce rayuwarsa ta bayan aiki ba ta shafe su ba, aka kore shi a watan Disamba, wata biyu bayan Tarayyar Soviet ta harba tauraron ɗan Adam na farko, lokacin da Amurka ke neman masana sararin samaniya ruwa a jallo. A farkon 1958 aka haramta masa aikin gwamnati, kuma tun da kusan duk aikin fanninsa yana buƙatar izinin tsaro, sana'ar da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyo ta kuɓuce masa har abada, har akwai lokacin da abincinsa na yini bai wuce na santi 20 ba. Ya bi matakan ɗaukaka ƙara har lauyansa ya gaji ya janye, sai ya rubuta takardar ƙorafinsa zuwa Kotun Ƙoli da kansa a 1961, kotun kuma ta ƙi sauraro. Takardar ta bambanta da duk abin da aka saba gani a lokacin, domin bai nemi tausayi ba, bai kuma ce shi marar lafiya ne da ke buƙatar magani ba. Gwamnati ya tuhuma, ya kwatanta abin da ta yi masa da wariya saboda launin fata ko addini.

A ƙarshen 1961 shi da wasu suka kafa ƙungiyar Mattachine ta Washington, kuma a ranar 17 ga Afrilu 1965 mutum goma, maza bakwai da mata uku, suka yi ta zagaye a gaban Fadar White House ɗauke da alluna. Kameny ya sharɗanta cewa maza su sa kwat da laktaye, mata su yi shigar zuwa ofis, bisa ra'ayinsa cewa mai neman a ɗauke shi aiki dole ya yi kama da wanda za a iya ɗauka. A watannin da suka biyo baya sun yi irin wannan zagaye a gaban Hukumar Kula da Ma'aikata da Ma'aikatar Tsaro da ta Harkokin Waje. Amsar da shugaban Hukumar, John Macy, ya aiko musu a rubuce a Fabrairu 1966 ta jingina ne a kan ƙyamar da sauran ma'aikata za su ji da kuma zubewar mutuncin gwamnati a idon jama'a, kuma da faɗin haka ya amsa cewa ra'ayin wasu a kan mutum ake aunawa, an bar aikinsa a gefe. A nan ne kotuna suka sami madafa.

Shari'ar da ta karya lagon manufar ita ce ta Clifford Norton, mai nazarin kasafin kuɗi a hukumar binciken sararin samaniya ta NASA, wanda 'yan sanda suka tsare a 1963 bayan sun bi motarsa daga wajen lambun Lafayette cikin dare, aka kira jami'in tsaron hukumar ya ci gaba da tambayarsa har gari ya waye, sannan aka kore shi bisa rashin ɗa'a, duk da cewa shugabansa na ofis ya shaida cewa ƙwararren ma'aikaci ne. A ranar 1 ga Yuli 1969, kwana uku bayan ɓarkewar tarzomar Stonewall a New York, wadda ake ɗauka mafarin gwagwarmayar zamani ta waɗannan al'ummomi, kotun ɗaukaka ƙara ta Washington, ta bakin Mai Shari'a David Bazelon, ta yanke cewa ba hurumin ma'aikatu ba ne su tilasta wa ma'aikata ɗabi'un masu rinjaye a rayuwarsu ta gida, kuma dole gwamnati ta nuna alaƙa ta zahiri tsakanin halin da ake zargi da tawayar aiki kafin ta kori mutum. Kotun ba ta shiga batun kyau ko munin halin ba, ta mai da gwamnati ne kan ƙa'idar da aka kafa tun 1912, kuma wannan ne ya ba hukuncin ƙarfi, domin ƙa'idar da ta kare Norton ita ce ke kare duk ma'aikacin da addininsa ko aurensa ko zamansa na gida bai yi wa shugabansa daɗi ba.

Sauran matakan sun zo ne a hankali. A Disamba 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire neman jinsi ɗaya daga jerin cututtukan taɓin hankali, a ranar 3 ga Yuli 1975 Hukumar Kula da Ma'aikata ta janye haramcin, dokar garambawul ta 1978 kuma ta hana nuna bambanci bisa halin da bai shafi aiki ba. Hukumomin leƙen asiri sun fi jan ƙafa, ko da yake a 1980 hukumar NSA ta bar wani masanin harsuna a aikinsa bisa sharaɗin ya sanar da danginsa, abin da ya tabbatar da cewa da zarar asiri ya daina zama asiri barazanar ta mutu. Sai a 1995 Shugaba Bill Clinton ya hana amfani da wannan dalili wajen ƙin ba da izinin tsaro, a 1998 kuma ya haramta wariyar a duk aikin farar hula na tarayya, yayin da soja ya ci gaba da sallamar mutane, fiye da 13,000 tsakanin 1994 da 2011.

Janye haramci bai dawo da amana ba, domin wanda ya ga abin da ya sami na gabansa ba ya sakin jiki saboda an sauya sakin layi a littafin ƙa'idoji. Ma'aikata sun riƙa auna gaskiyar sauyin ne da ƙananan abubuwa na yau da kullum, kamar ko inshorar lafiya za ta ɗauki abokin zama, ko za a kwashe shi tare da iyalan jami'ai idan rikici ya ɓarke a ƙasar da aka tura mutum. A 1992 ma'aikatan harkokin waje suka kafa ƙungiyarsu a cikin ma'aikatar da aka fara korar, amma a 2007 Michael Guest, tsohon jakadan Amurka a Romaniya, ya bar aiki yana mai cewa an tilasta masa zaɓi tsakanin abokin zamansa da hidimar ƙasa, sai a 2009 aka ba abokan zama irin waɗannan haƙƙoƙi. Wasu kamfanoni sun riga gwamnati, domin AT&T ya rubuta manufar hana wariya tun 1975, IBM a 1984, Lotus kuma ya fara ba abokan zama inshora a 1991, kuma daga 2002 ƙungiyar Human Rights Campaign ta fara auna kamfanoni da maki, inda 13 kacal suka sami cikakken maki a shekarar farko.

Neman gafara ya zo a makare. A Yuni 2009 John Berry, shugaban ofishin da ya gaji Hukumar Kula da Ma'aikata, wanda shi ma mai neman jinsi ɗaya ne a fili, ya nemi gafarar Kameny a madadin gwamnati, ya ba shi lambar yabo mafi girma ta ofishin, shekara 52 bayan korarsa; Kameny, yana ɗan shekara 84, ya ce ya karɓa, ya rasu a Oktoba 2011, takardunsa suna Laburaren Majalisar Dokoki, allunan zagayen 1965 kuma suna gidan tarihi na Smithsonian. A ranar 9 ga Janairu 2017 Sakataren Harkokin Waje John Kerry ya nemi gafara a madadin ma'aikatarsa, amma kafin watan ya ƙare, da sabuwar gwamnati ta hau, sanarwar ta ɓace daga shafin ma'aikatar na intanet. Ƙudurin da Sanata Ben Cardin ya gabatar a wannan shekara, wanda ya nemi a sake duba fayilolin waɗanda aka kora a gyara su, bai zama doka ba.

Kanada, wadda ta yi irin wannan kora tun daga shekarun 1950, ta bi wata hanya wajen gyara, kuma kwatanta ƙasashen biyu yana nuna abin da ya rage a Amurka. 'Yan sandan tarayyar Kanada sun tara sunaye kimanin 9,000 kafin ƙarshen shekarun 1960, gwamnati ta kuma kashe kuɗi a kan wata na'ura da Farfesa Frank Robert Wake na Jami'ar Carleton ya tsara, wadda aka ce za ta gano hali ta hanyar auna buɗewar ƙwayar ido yayin da ake nuna wa mutum hotuna, na'urar da ba ta taɓa yin aiki ba. Korar soja ta tsaya ne a 1992 sakamakon ƙarar Michelle Douglas, matashiyar hafsa da aka kai ɗakin otel aka yi mata tambayoyi, aka sallame ta a 1989. A ranar 28 ga Nuwamba 2017 Firayim Minista Justin Trudeau ya nemi gafara a zauren Majalisa, a gaban waɗanda abin ya shafa, kuma neman gafarar ya zo tare da sulhun shari'a na dalar Kanada miliyan 145, wanda kotun tarayya ta amince da shi a 2018, inda aka ware har miliyan 110 don diyyar ɗaiɗaikun mutane. An yarda a gyara fayilolin aiki, an kafa dokar goge tsofaffin hukunce-hukuncen kotu, an kuma danƙa wani asusu a hannun hukumar da waɗanda aka kora ke da rinjaye a cikinta, wadda ta ɗauki nauyin ginin tunawa a Ottawa da baje kolin tarihi a Winnipeg da binciken halin da ma'aikatun tarayya ke ciki. Birtaniya ma, wadda ta hana irin waɗannan mutane aikin jakadanci har 1991 da aikin soja har 2000, ta nemi gafarar tsofaffin sojoji a 2023, ta ware fam miliyan 75 na diyya a ƙarshen 2024.

Bambancin ba a yawan kuɗin yake ba, domin babu diyyar da za ta biya sana'ar da aka raba mutum da ita yana ɗan shekara talatin. Abin da tsarin Kanada ya yi daidai shi ne ya ɗaure alkawarin da hukuncin kotu, ya taɓa fayil ɗin da aka rubuta ƙazafin a ciki, ya kuma sa waɗanda aka cuta suka zama masu riƙe da tarihin da kuɗin, ta yadda gwamnatin gobe ba za ta iya share shi da sauya shafi ba. A Amurka kuwa yawancin kariyar ta rataya ne a kan umarnin shugaban ƙasa, wanda alƙalami ɗaya ke kafawa wani ya soke, kuma ma'aikacin da ya san haka yana da dalilin da zai sa ya ci gaba da taka-tsantsan.

Kariya mafi ƙarfi da aka samu ta fito ne daga Kotun Ƙoli a ranar 15 ga Yuni 2020, a shari'ar Gerald Bostock, ma'aikacin kula da walwalar yara a gundumar Clayton ta jihar Georgia, inda alƙalai shida cikin tara, ta bakin Mai Shari'a Neil Gorsuch, suka yanke cewa dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta haramta korar mutum saboda neman jinsi ɗaya ko sauya jinsi. Biyu daga cikin ma'aikata uku da aka haɗa ƙararrakinsu sun riga sun rasu kafin hukuncin. A 2024 manyan kamfanoni irin su Ford da Walmart suka daina shiga ma'aunin makin Human Rights Campaign, a Janairu 2025 kuma Shugaba Donald Trump ya soke umarnin 2014 da ya hana 'yan kwangilar gwamnati irin wannan wariya, ya rufe ofisoshin da ke kula da daidaito a ma'aikatu, ya kuma ba da umarnin fitar da masu sauya jinsi daga soja. Hukuncin Bostock da dokar 1978 suna nan, domin umarnin shugaban ƙasa ba ya soke su, amma Majalisar Dokokin Amurka ba ta zartar da dokar biyan diyya ko gyara fayilolin ma'aikatan farar hular da aka kora ƙarƙashin umarni mai lamba 10450 ba.